Akwai Iska a Ranar

Yayana Orville Hatcher mutum ne mai wuyar sha'ani, ni da muka fito ciki ɗaya nake faɗa. Shekara arba'in yana gyaran injin yankan ciyawa a garinmu, kuma duk wanda ya kawo gyara sai ya sha labarin tuta kafin ya karɓi kayansa.

Yana ɗan shekara ashirin ya shiga sojan ruwa, aikinsa ɗaga tuta a jirgi. Lokacin yaƙi, da rana tsaka, jiragen saman wata ƙasa da muke kira ƙawarmu suka yi musu ruwan wuta, abokansa da yawa suka mutu. Masu bincike suka ce kuskure ne, wai babu iska, tuta ta nannaɗe jikin sanda, matuƙan ba su gane jirgin waye ba. Wasu ma suka ce mai tutar ne bai ɗaga ta ba. Wannan maganar ce ta ci Orville har ya tsufa.

Wanda ke tsaye kusa da shi a ranar ɗan unguwarmu ne, Wendell Pruitt. Shi kuwa gogan naka ya sa hannu a takardar da ta ce kuskure ne, ya dawo gida ya ajiye tumbi, ya zama shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji.

Duk Juma'a in an taru cin soyayyen kifi a zauren ƙungiya, sai Orville ya ƙwala masa kira. “Wendell, akwai iska ko babu?”

“Kai dai ci kifinka, tsoho. An rufe maganar nan tun muna da gashi a ka.”

“Munafuki! A gabana iska ta fizge hularka!”

Matar Orville ta gaji ta kama gabanta. Yara suka laƙaba masa Baba Tuta. Ni ma na sha ce masa ya ishe mu haka nan, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Bara ya rasu. Aka lulluɓe akwatinsa da tuta kamar yadda ake wa kowane soja, kuma shugaban ƙungiya ne ke ninke ta kusurwa uku ya miƙa wa dangi. Wendell ya durƙusa a gabana da gwiwa ɗaya, ya miƙo mini tutar. Maimakon godiyar da aka saba yi, sai ya raɗa mini, “Maxine, akwai iska a ranar. Tutar tana kaɗawa, ko makaho ya gan ta. Ce mana aka yi mu ja bakinmu.”

Raina ya yi mugun ɓaci, na ƙi miƙa hannu.

“Ni kake gaya wa? Na taɓa hawa jirgi ne? Ga shi can kwance, je ka gaya masa. Ka ɗaga murya kuma, ka san kunnensa ɗaya ya mutu tun ranar.”

Ya waiwaya ya dubi jama'a, ya ajiye mini tutar a cinya, ya nufi motarsa.