Haraji a kan gyara

Jiya na auna wa wani kafinta daga Gadaka ƙusa kilo biyu, na ƙara masa cikin tafin hannu gyara. Da ɗana Bukar ya shigar a manhajar lissafin shagonmu, sai ta ɗauki gyaran a matsayin ciniki, ta ɗora masa haraji.

Bukar ya ce, "Baba, ka daina gyara. Ba ta san kyauta ba, mu za mu biya."

Na ce, "Mu biya ɗin. Don gyaran nan yake wuce shaguna goma ya zo wurina."

Aikin akanta, wato lissafin kuɗi, na karanta, na bauta wa gwamnati har ta manta da ni. Yanzu kuma na'ura za ta koya mini rowa? Ba zan daina ba.

'Yan kasuwa, ku manhajar ta hana ku gyara?