Ramin da ke Bayan Gwiwar Kawu

A gida Doguwa ake ce mata, a wurin aiki kuwa Mai Zane. Ta haura arba'in, ba ta da fara'a, ba ta kuma taɓa neman a ce tana da ita ba. Da fensir da takarda ta fara, a wani kamfanin ƙofofi da tagogi. Da kamfanin ya rufe ta koyi zane da kwamfuta da girmanta, idanu na ruwa, har ta samu kujera a shagon da ake haɗa ƙafar roba. Ɗakinta tebur ɗaya ne da fanka mai ƙara, sai firinta mai gina abu da roba a lungu, tana wari kamar an ƙona bokiti.

Aikin ba wuyar faɗa. A zagaya dungun ƙafar mutum da sikana, na'urar ɗaukar siffa, siffarsa ta shigo kwamfuta kamar ɓawon ƙwai, fata kawai, ba komai a ciki. Masu sayar da ƙarfen ƙafa su turo zanen mahaɗi, inda ƙarfen zai kama, shi kuma dunƙulalle. Ita ta ba ɓawon kauri, ta haɗa shi da mahaɗin su zama jiki ɗaya, ta fitar da fayil, firinta ta gina kofin da dungun zai zauna ciki. A baki ke nan.

Wannan karon dungun na Kawunta ne, tsohon direban babbar mota da ya riƙe ta tun tana ƙarama. Ciwon suga ya cinye masa ƙafa daga ƙasan gwiwa. Ƙafa biyu aka yi masa a wani wuri, duk suna ƙarƙashin gado don gurje shi suke yi. Da ƙyar ta jawo shi shagon, ya kuma faɗa gaban kowa: "Wannan ce ta ƙarshe. In ta gurje ni, a bar ni da kujerata har a ɗauke ni."

Fayil ya ƙi fita. Kwamfuta ta yi ta juyi, ta ce jikin ba a rufe yake ba. Doguwa ta duba mahaɗin, ashe da inci aka auna shi, nata kuwa da milimita. Ta gyara, ya ƙi. Ta bi bakin fatocin da ba su haɗu ba tana ɗinkewa, ta juyo waɗanda suka ba da baya, ya ƙi. Ta canza nau'in fayil, ya fita, ta buɗe ta tarar mahaɗin kaɗai ya zo, kofin ya yi ɓatan dabo. Tsakin da ta ja har masu jira a benci sai da suka waiwayo. Sai da ta juya siffar ta matso da ita sosai ta ga rami a bayan gwiwa, faɗin babban yatsa, bakinsa a yage. Sikana ba ta ga wurin ba.

Mai shagon ya leƙo da kofin shayinsa. "Mai Zane, akwai maɓallin cike rami fa. Ko don ado aka sa shi?"

"Zai shafe wurin sumul, Oga. Ni ban san abin da ke wurin ba."

"Nama ne, me kuma? Mutane na jira, ke kina leƙen rami kamar mai farautar gafiya."

Ta danna don ya tafi. Ramin ya rufe, fayil ya fita lami lafiya, abin ya ƙara ba ta haushi. Ba ta tura wa firinta ba. Ta samu mai awo, wanda ya ɗauki siffar, ta tambaye shi.

"Tsohon ne ya dafe wurin," in ji shi. "Na ce ya ɗauke hannunsa, ya ce ni in ɗauke idona. Na share hannun daga hoton, shi ke nan."

Da la'asar ta sa sikana a jaka ta nufi gidan Kawu. Yana tsakar gida a kujerarsa, rediyo a cinya, matarsa na ninke wanki.

"Kawu, awo zan sake."

"Na ce sau ɗaya. Injin naku makaho ne?"

"Ba ya gani ta cikin hannun mutum. Me ka ɓoye a bayan gwiwar?"

"Ji mini yarinya! Ni na koya miki ɗaura takalmi, yau ke za ki tuhume ni?"

Matarsa ba ta ɗago ba. "Ƙulli ne, 'yar nan, mai tauri kamar dutse. Tsoro yake kada a gani a ce za a ƙara yanka."

"Wa ya sa bakinki?"

Doguwa ta durƙusa ta kunna sikana. "Likita zai gan shi, Kawu, ko ka so ko ka ƙi, ni zan kai ka. Amma yau ni ce, kuma ba ni da wuƙa. In na gina kofi sumul a kan ƙullin nan, wata ƙafar za ta shiga ƙarƙashin gado. Ɗauke hannunka."

Ya zagi injin, ya zagi suga, ya zagi likitoci. Sannan ya ɗauke.

Sabon fayil ma bai fita da daɗi ba. Da ta ba ɓawon kauri, fatar ta naɗe cikin kanta a daidai ƙullin, kwamfuta ta sake cijewa. Ta yanke wurin ta zana shi da hannu, layi bayan layi, ta bar wa ƙullin ɗakinsa, mai shagon na wucewa yana kallon agogo.

Ranar gwaji Kawu ya miƙe, ya taka zuwa ƙofar shagon ya dawo. Ya ce ta yi nauyi, launinta kuma kamar na bututun ruwa.

"Bayan gwiwar fa?" in ji Doguwa.

Bai ko kalle ta ba. Ya juya wajen matarsa.

"Ke, ina kika kai ɗaya takalmin nawa?"