Yadda Na Je Gwada Likitan Ido

A zamanin da nake tuƙa motar rangadi ta kotun Gwaram, ba a yi mai ido irin nawa ba. Ina kan sitiyari sai in hango akuya can a garin Maruta, in gaya maka ko tana da ciki. Ku yaran yanzu da kuke tuƙi da tabarau, da a lokacin ne ko gaisuwarku ba zan amsa ba. Amma akwai wata Laraba da har gobe ba ta fita raina ba.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka fara shigowa, ofisoshi suka cika da takardu. Magatakardan kotunmu, Malam Hudu, shi ne mai rubuta duk abin da aka faɗa a gaban alƙali, kuma shi ke karantawa. Sai idanunsa suka soma yi masa zafi kamar an zuba yashi, suna ja, hawaye na zuba. Layi uku zai karanta ya tsaya yana murza su. Wani ya kai maganar sama, sai ga takarda daga Kano: nan da mako uku zai bayyana gaban likitocin gwamnati. A ƙa'idar aiki, in suka ce ido ya gaza, ritaya ce, ga shi saura shekara biyu fanshonsa ya cika.

Ya kira ni ya ce, "Sale, ka fi kowa yawo. Nemo mini likitan ido na gaskiya. Na gaji da masu ɗiga mini ruwan ganye."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama. Maƙaryaci ko a cikin buhu yake ina gane shi."

A Birnin Kudu aka ce mini akwai wani da ke zuwa daga Kano duk Laraba. Ni kuwa ban yarda da kowa ba, sai na ƙulla dabara: zan kai masa idona, wanda na san lafiyarsa ƙalau. In ya ce akwai ciwo, na kama ɓarawo.

Ina shiga zuciyata ta ce a'a. Ba farar riga, ba abin sauraron ƙirji a wuya, kaftani kawai kamar mai sayar da goro. Kuma abin takaici, sanye yake da tabarau mai kaurin gindin kwalba. Likitan ido! Nasa ma ya gagare shi.

Ya zaunar da ni gaban wani allo mai zanen abu mai ƙafa uku, ya ce in nuna inda ƙafafun suka dosa. Da idon dama na share su tas. Ya rufe mini shi ya ce, "To, na hagu."

Na ce, "Likita, ai ka cire allon."

Ya ce, "Yana nan. Mene ne aikinka?"

"Direba."

Ya ajiye alƙalami ya dube ni ya ce, "Na wa?"

Ban tsaya ba shi amsa ba. Na dawo Gwaram da gudu na ce wa Malam Hudu, "Kada ka je. Ɗan damfara ne. Mai lafiya ma cuta yake ɗora masa. Ko allura ban gani a ɗakinsa ba."

Malam ya goge hawaye da hannun riga ya ce, "Me ya yi maka?" Na zayyana masa. Sai ya ja ni bakin ƙofar kotu, ya sa tafin hannunsa ya rufe mini idon dama.

"Mene ne wancan a gindin tsamiya?"

Na ce, "Jaki ne da mangala."

Ɗan doka ne a kan keke. Har gaishe mu ya yi.

Laraba ta zagayo na kai shi, ina ta gunaguni a hanya. Likitan ya maƙala masa wata 'yar siririyar takarda a fatar kowane ido, ya jira, ya cire ya duba, ya ce idon bushewa ya yi. Na kasa haƙuri, na ce, "Likita, mutumin da yake jiƙa hankici biyu kafin azahar?"

Ya ce ruwan da ke zuba na kukan zafi ne, ba ya zama. Wanda ke kwanciya a kan ido ya hana shi bushewa, shi ne ya yi ƙaranci. Ya ba shi maganin ɗigawa, ya ce ya riƙa gasa fatar idon da tsumma mai ɗumi safe da yamma, ya bar tozali, in ya yi shafi biyu ya ɗaga kai ya huta. Na jira allura, babu. Na raɗa wa Malam, "Ka gani ko?" Ya take mini ƙafa.

Ranar da ya tsaya gaban likitocin gwamnati, ya karanta musu shafi guda bai tsaya ba. Suka sa hannu, ya koma kujerarsa. Ni kuma a ranar aka auna mini tabarau, da umarnin alƙali.

Muna hanyar komowa na ce, "Malam, ka dai san ni na samo maka likitan nan."

Ya ce, "Na sani, Sale. Dubi gabanka. Ashe shekara shida rabin direba ke tuƙa ni, ina gyangyaɗi a gefensa."