Motar Baba a Bakin Rijiya

Babana tsohon soja ne. Da ya bar aiki, ya mai da wata tsohuwar mota ɗaki, har da gado da rediyon da yake hira da Turawa. Shekarar fari muka sauka bakin rijiya kusa da Gangara. Wata Bafulatana ta durƙusa gabansa ta ce, "Malam, taimaka ka kai mijina gidan likita a garin Tanut, zawo zai kashe shi."

Baba ya ce, "Sai gobe. Na riga na kafa sandar rediyo."

Ya koma yana ƙyaƙyata dariya da Faransanci. Inna ta tofar da yawu. Muna kallo matar ta ɗora mijinta kan jaki.