Kwanar Da Ta Mayar Da Ni Cikin Mota

Tayar gaba ta fashe mini a hanyar Funtuwa, bas ɗin ya kife da mu cikin rami. Na fita da rai, da ƙarfe a ƙafar hagu. Wasu daga cikin fasinjojina ba su fita ba. Allah Ya jiƙansu.

Tun da aka sallame ni daga asibiti ban sake shiga mota ba. Ba rantsuwa na yi ba, jikina ne ya ƙi. In na kama marfin mota sai gumi ya karyo mini, dole in saki. Na sayi keke, na kafa rumfar faci a bakin titi a Tudun Wada. Mutane suka yi ta mamakin yadda wanda taya ta kusa kashewa ya zauna yana gyaran taya. Ni ban ga abin mamaki ba. Ita na sani.

Keke yana kai ni Gyallesu, ya kai ni Hanwa, ya kai ni cikin birni. Malumfashi ce ba ya kai ni, can kuwa babbar 'yata take aure. Ta yi haihuwar fari, aka yi suna ban je ba. Uwarta ta je ta dawo mini da hoto a waya. A shekarar da nake ba da labarinta yarinyar tana da ciki na biyu, ta aiko a gaya mini wannan karon ba zancen hoto. Na ce na ji. Ban ce zan je ba.

Kusa da rumfata akwai shagon kayan gyaran mota na wani mutumin Ibo, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Oga muke ce masa. Yana da talabijin a ƙuryar shagon, kuma shi ba ruwansa da ƙwallo. Tseren motoci yake kallo, irin wanda ake yi a daji. Na ukunmu wani Bakano ne sa'ana, direban tasi a layin Funtuwa. Ni Bazazzagi, shi Bakano, ka san wasan da ke tsakani. Bai taɓa kiran sunana ba. Bawana yake ce mini, ni ma haka nake ce masa.

Ran da na fara leƙa talabijin ɗin, iska na je sha a gaban fanka. Sai ga wata mota ta taho a guje a kan burji, ta daki gefen hanya, ta yi ta juyi a sama. Na miƙe zan fita. Oga ya riƙe mini riga.

Ya ce, "Malam, tsaya ka ga ƙarshe."

Mutum biyu suka fito ta taga da hulunan kwano. Ɗaya yana kakkaɓe wando. 'Yan kallo suka rugo daga cikin itatuwa, suka taru suka tura motar ta koma kan ƙafafunta. Mutanen nan suka shige, suka tayar, suka tafi, ba gilashin gaba.

Na ce, "Ba wanda ya mutu?"

"Ko ƙwarzane."

Na koma na zauna. Tun daga ranar ban sake fashin kallo ba.

Oga ne ya koya mana yadda abin yake, don mai bayanin da Turanci yake yi. Ba tare ake sakin motocin ba, ɗaya bayan ɗaya ne, kowa da agogo yake tsere. Na gefen direba shi ke karanta masa hanya. A yi a wannan ƙasa, bayan 'yan makonni a koma wata, ana tara maki har ƙarshen shekara. Mun ga sun yi a kan ƙanƙara, Bakano ya ce ƙarya ce, gishiri aka zuba. Mun ga sun yi a kwalta a kan duwatsu. Mun ga sun yi a Kenya cikin taɓo, nan ne na ce to yanzu sun zo hanyarmu, a ba su fasinja da buhunan masara mu gani.

Direbobi biyu ne suka riƙe shekarar. Sunayensu sun fi ƙarfin bakinmu, sai muka raɗa musu namu. Mai farar mota ya manyanta, ya sha ɗaukar kofin, muka ce Tsoho. Mai shuɗiyar mota ko gemu bai tsayar ba, muka ce Yaro. Ni Tsoho nake bi. Ba ya gaggawa, ba ya wahalar da taya, in ya ga na biyu zai zo sai ya karɓi na biyun ya tafi gida da motarsa lafiya. Bakano kuwa Yaro ya ɗauka, don Yaro bai san inda birki yake ba.

"Naka tuƙin kai amarya yake yi," in ji Bakano.

"Naka kuma na kai gawa, shi ne gawar."

"Bawana, tsoro ne ke damunka."

"Shi ya sa nake da rai."

Haka muka yi ta yi. Wannan watan Yaro ya wuce, wata mai zuwa ya faɗa rami Tsoho ya kamo shi. Ranar Lahadi Oga kan dawo daga coci ya buɗe shagon dominmu kawai, ya tayar da janareta, mu sayi gyaɗa da rake. Bakano ya daina lodin Lahadi da rana. Matarsa ta aiko a tambaye ni ko wani aure yake nema. Na ce a gaya mata e, wani ɗan Bature ne mai shuɗiyar mota.

Sau da yawa Bakano kan tsaya a gaban rumfata da safe ya danna ham. "Ga gidan gaba ba kowa. Malumfashi kyauta." In ɗaga masa hannu ya wuce. Bai taɓa matsa mini fiye da haka ba. A gida kuma matata ta daina magana a kai, sai dai na ga tana ta haɗa kayan jariri, tana ajiye su inda zan gani.

Da aka zo zagayen ƙarshe, tazarar makin ba ta taka kara ta karya ba. Oga ya lissafa ya ce duk wanda ya riga ɗan'uwansa a wannan tseren shi ne zakaran duniya. Har zuwa Lahadi Yaro ne a gaba, da ɗan abin da bai fi ƙiftawar ido ba. Bakano ya zo da sabuwar hula. Ya sayi tsire ya ce na walima ne, kada in taɓa sai an gama.

Tsoho ya shiga hanyar ƙarshe ya fita lafiya. Aka saki Yaro. Ya yi rabin hanya yana tashi sama, Bakano na tsaye yana tuƙa iska da hannu biyu. Sai wata kwana ta hagu, a gangare, da dutse a cikinta. Yaro ya matse ciki. Ban ji ƙara ba, amma na ga yadda gaban motar ya sunkuya.

Na ce, "Ta tafi."

"Me ya tafi?"

"Tayar gaba."

Ya ƙarasa a kan ƙarfe, roba na tashi. Tsoho ya ci kofin shekara. Na jawo tsiren na ci, na miƙa wa Oga. Bakano ya cire hular ya sa a aljihu.

Da a nan aka tsaya da ba labari. Amma washegari da sassafe sai ga Bakano a rumfata, wai dutsen nan motocin gaba ne suka tono shi, ƙaddara ce, ba laifin Yaro. Na ce dutse yana nan tun kafin a haifi Yaro. Da ya taka birki da wuri, ya buɗe waje, ya shigo a hankali, da yanzu kofi na ɗakin uwarsa. Ya ce in ya buɗe waje ya ɓata lokaci, Tsoho ya ci ke nan. Na ce ai yanzu ma ya ci.

Muka kwashe mako muna wannan. Mun zana kwanar a ƙasa da sifana. Mun ajiye bulo a matsayin dutse, kwalin ashana a matsayin mota. Mai shayi ya shiga, ya goyi bayan Bakano don yana sayen ƙwai. Wani malamin makaranta da ya kawo facin babur ya saurare mu, ya ce duka biyunmu muna da gaskiya, muka haɗu muka ba shi rashin gaskiya. Oga ya nemo kwanar a waya muka kalla har caji ya ƙare. Kowa ya ga abin da yake so.

Wata Asabar da hantsi Bakano ya faka a gabana, ya sake tayar da maganar. Na gaji. Na ce ko ni da ƙafa ɗaya da rabi zan shiga kwanar nan in fita da tayata.

Ya yi dariya har da tafi. "Ku ji mai keke! Bawana, kwanar keke daban, ta mota daban. Tuƙin baki kowa ya iya."

"Akwai irinta a bayan Dutsen Abba. Burji, gangare, hagu."

"Na san ta."

"To kawo makulli."

Ya miƙo. Na karɓa. Ina cikin faɗa na buɗe mota, ina cikin faɗa na ja kujera gaba don ƙafata ta kai kuloci. Bakano ya zagaya ya zauna a gefe. Oga ya rufe shago da sauri ya faɗa baya. Na tayar, na sa giya, muka hau titi ina bayanin yadda Yaro ya riƙe sitiyari kamar mai murɗe wuyan kaza. Bakano yana musu, amma a hankali, ba kamar yadda ya saba ba. Na hango Oga a madubi ya rungume kan kujera, leɓensa na motsi.

Muka sauka daga kwalta muka hau burji. Ga kwanar. Na ce, "To ku buɗe ido." Na taka birki da wuri kamar yadda na faɗa. Na buɗe waje kamar yadda na faɗa. Abin da ban faɗa ba shi ne a wajen ma akwai dutse. Ji kake fus. Motar ta karkata, ta gangara a hankali ta tsaya da hanci cikin gonar wake.

Wata akuya ta ɗago kai ta dube mu.

A nan ne na ga hannuwana a kan sitiyari. Na dubi gilashi, na dubi giya. Gumin nan ya zo. Na jira abin da zai biyo baya, ba abin da ya biyo. Inji na aiki, rana na waje, mu uku da ranmu.

Bakano ya gani. Ya kau da kai, ya buɗe ƙofa ya fita, ya tsaya a kan tayar ya ɗora hannu a ka.

"Wayyo sabuwar tayata! Bazazzagi ya kashe ni!"

Na leƙo na ce, "Sabuwa a ina? Ni na yi mata faci da azumi."

"Ka ga ko? Ciki dutse, waje dutse. Ƙaddara ce. A ba Yaro kofinsa."

"Wannan dutsen daban."

Oga ya fito yana dafe da ƙirji ya ce daga yau ƙwallo zai riƙa kallo.

Ni na ɗaga jak na sa safaya, don ba wanda ya iya a cikinsu kamar ni. Mai gonar ya zo, muka ba shi haƙuri, ya taya mu turi. Da aka gama Bakano ya shiga mazauninsa, ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar gefe, bai dube ni ba.

Ya ce, "Ko a ƙasa za ka koma? Ba keke a nan."

Shigar farko ban san na yi ba. Wannan kuwa da sanina ce, ta fi wuya. Na tsaya riƙe da marfin har Oga ya fara tari. Sannan na shiga, na ja bel na ɗaura. Bakano ya tuƙa mu zuwa Tudun Wada a hankali, har masu babur na zaginsa.

Ba a yi wata ba aka kira daga Malumfashi, an sami mace. Ranar suna ni ne a gidan gaba, matata da kaya a baya. Na yi gumi har Giwa, daga nan muka koma kan maganar kwana, ban san lokacin da muka wuce wurin da na kife ba. Da muka isa, 'yata ta fito zaure ta gan ni ina saukowa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kasa ƙarasa gaisuwar. Na ce ta tashi ta kawo mini yarinyar, ba kuka na zo ji ba. Bakano ya ci tuwo kwano biyu, ya gaya wa surukina da duk wanda ya zauna kusa da shi cewa an zalunci Yaro.

Yanzu ina nan a rumfata a Tudun Wada, ina faci. Cikin gari keke nake hawa, ya fi mini sauƙi. In tafiya ta kama, ina shiga mota, gaba nake zama, da bel. Tsoho ya yi ritaya, ban sami wanda zan bi ba tukuna. Ranar Lahadi muna shagon Oga mu uku, kuma har yau Bakano bai yarda ba.