Kawu Ilu da Tantin Mutum Ɗaya

Duk wanda ya zauna da Kawu Ilu a Likoro ya san ba a miƙa masa abu ya karɓa haka kawai. Sai ya ɗora a tafin hannu, ya jinjina, ya karkata kai, sannan ya yanke hukunci: "Ya yi nauyi." Ko jariri aka ba shi ranar suna, sai ya jinjina kafin ya yi addu'a. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma an ce ni ma haka ya ce da ni.

Dalilin kuwa kun sani. Da an gama girbin dawa sai ya rataya jaka, ya taka da ƙafa har bakin kogin Galma, ya ari kwale-kwale wurin abokansa masunta, ya yi ta bin ruwa shi kaɗai yana kamun kifi. Inda yamma ta same shi, nan ne gida. Komai a bayansa yake tafiya, shi ya sa ya ƙulla gaba da nauyi.

Shekarar da kamfanin ɗinkin da nake wa aiki a Kaduna ya rufe, na dawo gida hannu Rabbana. Na lulluɓe keken ɗinkina a lungu, ko majalisa ba na fita. Wata safiya sai ga Kawu ya ɗaga labule.

"Kai Sale, tashi ka raka ni Maƙarfi. Tanti zan saya, tsohon tamfol ɗina ya fara cin kafaɗata."

A kasuwa mai gwanjo ya baje mana wani shuɗi mai kyau. "Baba, wannan na mutum biyu ne, za ka sake."

"Na biyun wane ne? Ko aljani za ka haɗa mini da shi?"

Aka ɗauko ƙarami. Kawu ya jinjina, ya ce a kafa. A tsakiyar kasuwa fa! Ya tuɓe takalmi, ya rarrafa ciki, ya miƙe, ya ƙwala kira: "Ɗauko buta ka zuba!"

"Haba Baba, ai rani za a shiga."

"Sama ta yi maka alkawari ne? Zuba!"

Mai gwanjo ya juye buta, jama'a sun taru ana ta dariya. Muka ji shiru. Na leƙa, wallahi mutumin nan har ya fara gyangyaɗi. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Wannan ya yi. Saura a rage masa nauyi."

Nan nawa aikin ya fara, dole na yaye wa kekena zane. Ya sa na cire aljihun ciki, na cire igiyoyin da ya ce na ƙawa ne, har ɗan ƙyallen da aka rubuta sunan kamfani. Turakun ƙarfe ya ba Inna Hajo, matarsa, ya ce daji bai rasa itace ba. Gidan sauron da ke jikin tantin kaɗai ya hana a taɓa. Da ya ce a rage tsawo na ce, "Kawu, ƙafafunka za su fito waje."

"Ka taɓa jin ƙafa ta yi mura?"

Sai da Inna Hajo ta sa baki aka bar masa tsawonsa.

Ranar tafiya na raka shi bakin ruwa. Tanti a naɗe bai fi damin alayyafo ba. Amma me zan gani? Ya kinkimo ƙaton damin rake ya jibga a kwale-kwale, har gindin jirgin ya nutsa! Na ce, "Kawu, mun kwana muna yanke igiya saboda nauyi, wannan fa?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Rake ba kaya ba ne, yaro. Shi raguwa yake yi a hanya."

Bai dawo ba sai da ya tallata ni kaf bakin kogi. Duk masunci ko makiyayin da ya tsaya kallon tantin, sai ya ce, "Ɗan ƙanwata ne ya gyara, yana Likoro." Aka fara sallama a ƙofar gidanmu, mai tamfol ya yage, mai son rumfa, mai son jaka. Shagon da kuke gani a Hunƙuyi yau daga nan ya samo asali.

Da Allah Ya yi wa Kawu rasuwa, ranar sadakar uku Inna Hajo ta kira ni ɗaki, idonta jawur, amma tana murmushi. Ta ce, "Ka san kawunka ya iya ɗinki? Tun yana saurayi shi ke ɗinke komarsa da jakarsa, ba ya bari kowa ya taɓa. Da na tambaye shi me ya sa ya kai maka gyaran tantin nan, cewa ya yi, yaron nan in aka bar shi a ɗakin can, rasa shi za mu yi."

Ban taɓa yi masa godiya ba, don ban san akwai abin godiya ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya saka masa da abin da ni ban iya saka masa ba. Amin.