Nababa Mai Faci da Furar Gajimare

Shekarar da fetur ya fi ƙarfin talaka, ƙauyenmu da ke gabas da Ɗanbatta ya koma hawan keke. Aka jingine babura a zaure, aka fito da tsofaffin kekunan da kaji suka daɗe suna kwana a kai. A shekarar ne na dawo gida, bayan 'yan bindiga sun shiga garin da nake koyarwa ta wajen Shanono. Ko daga nesa na ji ƙarar babur sai gabana ya faɗi, shi ya sa na fi son zama wurin Nababa mai faci, inda ba abin da ke ƙara sai famfo da bakinsa.

Nababa ya haura sittin. Tun yana saurayi yake gyaran keke a gindin tsamiyar filin masallaci, da izinin Liman. Abin da yake nomawa ba ya kai iyalinsa tsakiyar rani, don haka inuwar nan ta bakin hanyar kasuwa ita ce rumbunsa.

Kakarsa Bamagujiya ce kafin ta musulunta, a bakinta ya ji sunayen iskokin da mutanen dā suke bauta wa. In an kawo faci, kafin gam ya sha iska, sai ya ɗauko su ya jefa cikin wahalar da muke sha. A labarinsa, tun da aka daina yi musu yanka suka rasa abin yi. Uwar Gona tana layin takin zamani, an ce sai ta kawo katin zaɓe. Sarkin Rafi ya sayi injin ban ruwa, ga kogi nasa na kansa, amma ba fetur. A nan na fara dariya bayan dawowata.

Abu ɗaya ne ba ya yi: ba ya rufewa da ƙurunƙus, kalmar da kowa ya san da ita ake shaida cewa tatsuniya ce aka yi. Ya ce wannan ta tsofaffin mata ce da jikokinsu, shi da furfurar gemunsa ba zai faɗa ba. Da gam ya kama, labari ya tsaya.

Damina ta yi nisa sai ruwa ya ɗauke, gero ya fara murɗewa. Nababa ya ce ai Gajimare ne, wanda mutanen dā suka ce yana shanye ruwan sama. Wai ya sauko neman aiki, kuɗin mota ya gagare shi, ya yi masauki a kan tsamiyar nan, yunwa ce take sa shi lashe duk hadarin da ya taso.

Kashegari Nababa ya tarar da ƙwaryar fura a gindin bishiyar, damu mai kyau da nono. Ya ɗauka wani ne da ya yi wa gyara kyauta yake gode masa, ya yi bisimilla ya shanye. Haka aka yi ta yi kowace safiya, har ya fara sheƙi. Sai ladan Ɗanliti ya ga Inna Sauda, tsohuwar da ke riƙe da marayun jikokinta, tana ajiye ƙwaryar tana wasu 'yan maganganu.

Liman Mika'ilu ya kira su zaurensa, ni ma na bi. Ɗanliti ya ce an dawo da tsafi filin masallaci, a tashi mai faci, a sare tsamiyar.

Liman ya tambayi Inna Sauda abin da ya kai ta.

"Na san Allah ne mai ba da ruwa, Malam," in ji ta. "Amma yaran nan sun ce Nababa ne ya faɗa, da rana tsaka, kuma ba ƙurunƙus. Wa yake tatsuniya da rana? Na ce in Gajimaren ya ƙoshi ko ya bar mana hadarin."

"To wa yake shanye furar?"

Nababa ya sunkuyar da kai. "Allah gafarta Malam, ga Gajimaren nan a gabanka."

Liman ya ja rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna motsi. Da ya natsu, ya yi wa tsohuwar nasiha mai ratsa jiki, ta yi istigfari. Ya ce tsamiya ba ta yi laifin komai ba, gobe kuma kowa ya fito roƙon ruwa. Shi Nababa zai zauna a wurinsa, da sharaɗin duk labarin da ya buɗe ya rufe shi yadda kakanni suke rufewa, da ƙarfi, ko kurma ya ji.

Yanzu in gam ya kama, sai Nababa ya share murya, ya kalli ƙasa kamar mai shan maɗaci, ya ce ƙurunƙus. Liman da kansa yakan kawo kekensa a duba masa iska, ko da tayar ba ta sace ba. Ranar nan Inna Sauda ta zo wucewa da ƙwarya a ka, Nababa ya ce mata Gajimare yana gaisuwa.

Ba ta ko tsaya ba. "Ka ce masa in yana son fura, ya saya."